Rumbunan mai biyu na Maraɗi: daga garwar kananzir zuwa depon SONIDEP

 Yau tarihi za mu ɗan taɓa, tarihin abin da kowa ke amfani da shi kullum amma ba kowa ya san inda yake kwana ba, wato mai.

Duk wanda ya yi azumin 2025 a ƙasar nan bai manta da layin gidajen mai ba. A watan Maris ɗin nan 'yan kabu-kabu sun wuni cikin rana da ƙishirwa suna tura babura, masu adaidaita sun yi ta yawo daga wannan gidan mai zuwa wancan, masu lambu kuma hankalinsu ya tashi don injin ban-ruwa ba ya jin haƙuri. Tambayar da kuka yi ta yi mana ita ce: ta yaya ƙasar da ke haƙo mai, take da matatar kanta, har take sayar da ɗanye a waje, za ta rasa litar esansi? To, mu nan manoma ne, mun san gona daban, rumbu daban. Mutum yana iya noma dami ɗari ya kwana da yunwa cikin bazara in rumbunsa ƙarami ne, ko kuwa in ya saba ci daga rumbun maƙwabci. Abin da muke son nunawa ke nan: shekara da shekaru Maraɗi tana ci daga rumbu biyu, ɗaya na hukuma wanda ake gani, ɗaya kuma na ɓoye wanda tushensa ke ƙetaren iyaka.

Zamanin garwa da tano

Kakanninmu ta fitila suka fara sanin man Turawa. Kafin nan man gyaɗa ake zubawa a ɗan kasko a tsoma lagwani. Da titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanya ta buɗe tun daga bakin teku a Legas har tsakiyar ƙasar Hausa. Daga baya kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi don sayen gyaɗa. Motocin da ke kai gyaɗar Kano ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina ba sa dawowa wayam, suna ɗauko yadi, sukari, sabulu, da kuma kananzir da fetur.

A lokacin babu tanki, babu siterni. Mai a garwa yake zuwa, wani gwangwani mai kusurwa huɗu da ke cin galan huɗu, kimanin lita 18 ke nan, ana jera biyu cikin akwatin katako. Bayanta tano mai lita 200 ya shigo. Depon wancan zamani bai wuce sito a bayan kanti ba, inda ake jibge tano a inuwa. In garwa ta ƙare ba a yar da ita, ita ce 'yan ga-ruwa suka rataya a sanda suna bin unguwanni, tano kuwa maƙera suka riƙa fasa shi suna yin ƙyaure da murhu. Kun ga ke nan tun fil azal, ko da yake Faransa ke mulkinmu, babban rumbun manmu a Kano yake, ƙasar Ingilishi. Dalili a fili yake: Kano ba ta kai kilomita 300 daga nan ba, Kwatano kuwa ta haura 1,300.

Faransawa ba su ji daɗin haka ba. A shekarun 1950 suka ƙirƙiro wani shiri da suka kira Opération Hirondelle, don a karkata gyaɗar Nijar ta bi Doso da Gaya zuwa Faraku, daga can jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano, motocin kuma su dawo da kayan shigowa. An gina gadar Gaya da Malanbil a 1958, aka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwa tsakanin Dahome da Nijar a 1959, wadda daga baya aka sani da OCBN. Sai dai titin jirgin a Faraku ya tsaya, kilomita 438 daga teku, bai taɓa ƙetarowa ba. Tun daga nan hanyoyin mai suka zama biyu a wurinmu: doguwa ta hukuma, da gajeruwa ta dangi da kasuwa.

Haihuwar SONIDEP

Bayan 'yancin kai a 1960, kamfanonin waje irin su Shell, Mobil, Texaco da Total su ke shigo da mai suna sayarwa. Sai ga 1973, farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya, a daidai lokacin da fari ya addabi ƙasar nan. Motocin raba cimaka suna bukatar gazuwal, ma'adinan uraniyom na Arlit su ma haka. Ƙasar da ba ta da teku ta gane cewa in jirgin ruwa ya makara ko hanya ta yanke, komai tsayawa zai yi. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau a Afrilun 1974, ta kafa SONIDEP a 1977, aka ɗora mata shigo da mai, ajiye shi, da sayar wa masu gidajen mai. A hankali aka samu depo a Sorey kusa da Yamai, da Doso, Tawa, Agadas, Damagaram, Difa, da kuma namu na Maraɗi.

Bari mu ɗan shiga cikin depo, don da yawa daga cikinmu katanga kawai muke gani da layin siterni a waje. In mota ta iso da kaya, ana duba hatimin da aka ɗaure a bakin kowane ɗaki nata, a auna zurfin man da sanda, a ɗebi kaɗan a gwada nauyinsa da zafinsa. Wannan gwajin zafi ba wasa ba ne, domin mai kumbura yake yi cikin zafi ya tsuke cikin sanyi, shi ya sa ake mayar da lissafi duka a kan ma'aunin digiri 15. In ba haka ba, motar da aka loda da asuba cikin hunturu da wadda aka sauke da azahar cikin Afrilu ba za su taɓa daidaita ba. Daga nan famfo ya tura man cikin manyan tankuna, esansi daban, gazuwal daban, kananzir daban. Ana barinsa ya kwanta, ruwa da datti su sauka ƙasa a zubar. Kowane tanki an kewaye shi da ɗan bango wanda zai tare man in ya tsiyaye, ga bututun ruwa da kumfar kashe wuta. Motar da ta zo ɗauka sai an maƙala mata wayar da ke kai wutar jikinta ƙasa kafin a buɗe famfo, don ƙyastu ɗaya ya isa. Wanga shi ne dalilin hana sigari da waya a wurin, ba wulaƙanci ba ne.

Amma babban aikin depo shi ne sayen lokaci. Mai ba ya isowa daidai da yadda ake shansa. Yau gada ta karye, gobe direbobi sun shiga yajin aiki, jibi matata ta tsaya don gyara. Abin da ke cikin tanki shi ke riƙe gari har hanya ta buɗe. Saboda haka ba a lita ake auna ƙarfin depo ba kaɗai, a kwanaki ake auna shi: in ba mota ko ɗaya da ta shigo, kwana nawa za mu yi? Kuma amsar ta danganta da yawan bakin da ke sha. A 1977, shekarar da aka kafa SONIDEP, mutanen birnin Maraɗi ba su wuce kimanin 45,000 ba. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da 260,000. Ku ƙara da baburan Sin da suka cika gari da ƙauye, da adaidaita, da injin niƙa, da janareto, da injunan ban-ruwa na fadamar Gulbi.

Rumbun da ba shi da katanga

A waccan shekarar dai ta 1977 Najeriya ta kafa NNPC. A 1980 aka buɗe matatar Kaduna, aka ja bututu daga can zuwa manyan depo-depo na arewa, ciki har da na Hotoro a Kano da na Gusau. Gwamnatin Najeriya tana biyan tallafi don lita ta yi araha, kuma tun daga 1986 naira ta fara faɗuwa a gaban sefa. Abu biyu suka haɗu: mai mai arha, ga shi a bakin ƙofa. Daga Maraɗi zuwa Katsina ba a cika kilomita 100 ba.

Nan ruwa-ruwa ya samo asali. Mu da muka tashi a shekarun 1990 da shi muka buɗe ido. Ana cika jarkoki a gidajen man Jibiya da Katsina, a loda wa tsofaffin Peugeot da aka cire wa kujeru, ko a ɗaure wa babur har ba a ganin direba, a biyo hanyoyin daji na Madarunfa cikin dare. Da safe ya shiga zaure, daga zaure ya koma kwalba a kan tebur a bakin titi. In ka haɗa dukan jarkokin da ke kwana a zaurukan Maraɗi, Tsibiri, Jiratawa, Cadawa da Gidan Rumji, ai depo ne sukutum, sai dai ba shi da katanga, ba shi da mai gadi, ba shi da littafin lissafi.

Gaskiya ɗaya ce, wannan sana'a ta rufa wa dubban gidaje asiri. Ta aurar da samari, ta biya kuɗin lakkol, ta kai mai ƙauyen da bai taɓa ganin famfo ba, ta sayar wa talaka rabin lita, har bashi tana bayarwa. Amma ta zo da nata. Kowace unguwa tana da labarin gobarar da ta tashi daga ɗakin jarka. Baitulmali ya yi asarar haraji. Masu gidajen mai na halal da yawa sun rufe ko sun ƙi buɗewa, don wa zai sayi lita da tsada alhali ga ta da sauƙi a tsallaken titi? Sannan akwai illar da ba a cika faɗa ba: ruwa-ruwa ya ɓoye girman ƙishirwarmu. Abin da ke fita daga depon hukuma shi ke shiga littafi, shi ake kallo in za a gina tanki ko a sayi mota. Sauran da muke sha ba ya cikin lissafin kowa.

An sha yi mana gargaɗi. A Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta sa aka dawo da ita 97. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamban shekarar kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Kowane karo kwalba takan yi tsada na ɗan lokaci, sai hanya ta sake buɗewa, mu kuma mu manta.

Ranar da muka zama masu mai

Tun shekarun 1970 kamfanoni irin su Texaco da Esso suka ga alamar mai a gabashin ƙasar nan, amma nisa ya hana a taɓa shi. Sai a 2008, zamanin Tandja Mamadou, aka sa hannu da kamfanin CNPC na ƙasar Sin. Aka haƙa rijiyoyin Agadem, aka ja bututu mai tsawon kilomita 462 zuwa matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram kan hanyar Tanut. Ranar 28 ga Nuwamba 2011 shugaba Issoufou Mahamadou ya buɗe ta. CNPC na da kashi 60, Nijar na da 40. Ƙarfinta ganga 20,000 a rana, kowace ganga lita 159. A lokacin ana lissafin ƙasar gaba ɗaya ba ta shan fiye da kimanin ganga 7,000, saura na sayarwa waje ne.

Ga Maraɗi wannan babban sauyi ne. Man da a da yake tafiyar sati daga Kwatano ya koma tafiyar kusan kilomita 300, ta Takeita, Tasawa, Gazawa da Agye. Mun tashi daga wutsiyar layi mun dawo kusa da kai. Sai dai mu lura da abu biyu. Na farko, babu bututun tataccen mai tsakanin matata da depo, duk lita ɗaya a bayan siterni take tafiya kan kwalta. Na biyu, wancan lissafi na ganga 7,000 lissafin littafi ne, bai ƙirga kwalba ba. Kuma ganga 20,000 ba duka ke zama esansi ba, gazuwal ne ke ɗaukar kaso mafi girma, ga iskar gas ta girki.

Akwai kuma babban bututun nan mai kusan kilomita 2,000 da ya taso daga Agadem ya ratsa jaharmu ya nufi Seme a gabar tekun Benin, wanda jirgin farko ya ɗauki kayansa a Mayun 2024. Mutane da yawa sun ce mana, ga mai yana wucewa ƙarƙashin gonakinmu amma muna layi. Ɗanye ne, jama'a. Ko an buɗe maka shi ba ya tada babur. Kuɗi yake kawo wa ƙasa, amma ba ya cika tankin depo.

Shekara biyu da suka tona asiri

Ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na kama mulki. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, ta ci gaba da hawa. Wata biyu bayan haka, ranar 26 ga Yuli, aka yi juyin mulki a Yamai, CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Janareto suka koma aiki dare da rana. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangarenmu, kayan da za a shigo da su sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji. A Yulin 2024 gwamnati ta rage litar esansi zuwa sefa 499, wato dala ɗari ba kaɗan.

To ku haɗa lissafin da kanku. Ruwa-ruwa bai mutu ba, amma ya yi ƙaranci, ribarsa ta tsuke. Famfon hukuma ya yi sauƙi. Sai duk masu shan kwalba suka juyo gidan mai a lokaci guda. Da ƙarancin Maris 2025 ya yi tsanani, jami'an SONIDEP da kansu suka bayyana cewa man da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya ya kai kusan rabin kasuwa, kuma shi ke ciyar da jahohin da ke bakin iyaka, sannan abin da matata ke fitarwa na esansi bai isa bukata ba. Rumbun maƙwabci ya rufe, namu kuma ba a gina shi don ciyar da gida duka ba. Hanyar Kwatano da Faransawa suka shimfiɗa mana ta toshe, ta Kano da kakanni suka bi ta ƙuntata, aka bar Damagaram ita kaɗai da kaya.

Abin da ya rage mana

Ba mu kawo tarihin nan don a zargi wani ba. Mun kawo shi ne don in an zauna maganar mai a majalisar gari ko a fada ko a rediyo, mu san tambayar da za mu yi. Farashin lita tambaya ce mai kyau, amma akwai waɗanda suka riga ta. Kwana nawa tankunan Maraɗi za su riƙe jaha in hanyar Damagaram ta yanke? An ƙara musu girma daidai da yadda gari ya girma? Gidaje nawa suka matso kusa da katangar depo da wuraren da siterni ke kwana, kuma 'yan kwana-kwana suna da kumfar da ta dace da wutar mai? Samarin da suka rayu da jarka shekara ashirin, wace sana'a aka tanadar musu? Manomin rani na Jiratawa da Tsibiri, wanda kwana uku ba ruwa ke kashe masa albasa da tumatir, yana da wani kaso da aka ware masa in an shiga ƙaranci, ko kuwa a taimaka masa ya koma famfon hasken rana? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuma wadda ke hannunmu mu talakawa. A daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 wata siterni ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka fito da bokitai suna kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu nan take, wasu suka cika a asibiti. Motocin nan kullum suna ratsa Cadawa, Maraɗi, Tsibiri da Gidan Rumji. Don Allah in ɗaya ta faɗi, a ja yara a yi nesa, a kashe babur, a kira hukuma. Haka nan mai ajiye jarka a ɗakin da ake kwana ko kusa da murhu, ya tuna tururin esansi a ƙasa yake bi, yana iya tarar da wuta daga nesa.

Yanzu ana aikin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. In Allah ya sa ya iso, tsohuwar hanyar garwa ce za ta dawo, wannan karon da taragon mai. Alheri ne babba, kuma zumuncinmu da Katsina da Kano ya girmi iyaka. Amma abin da shekara ɗari suka koya mana shi ne hanya tana buɗewa tana rufewa, kuma ba mu ke riƙe da makullinta ba. Abin da ke cikin tankinmu shi ne namu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Muna roƙon dattawanmu, tsofaffin direbobin siterni da suka yi zamanin Faraku, tsofaffin ma'aikatan depo, da iyayen da suka sayi kananzir a garwa, ku taimaka mana da abin da kuka gani da idonku, mu karanta wa jama'a a shiri na gaba. Allah ya tsare mu da gobara, ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya, ya sa albarka a arzikin da ya ba mu. Amin.